Dutsen hawainiya: wanne ya kamata ka sa a zobenka?

Bayan sallar magariba Baffana ya aiko yaro ya kira ni zaurensa a Jahun, cikin garin Bauchi. Na same shi zaune kan buzu, ga wani dillali a gefe ya shimfiɗa farin hankici, a kai zobba uku na azurfa. Babu wuta a unguwar, sai fitilar ƙwai da Baffa ya ƙi rabuwa da ita duk da 'ya'yansa sun sa masa sola a cikin gida.

"Zauna ka duba mini, ɗana," in ji shi. "Kai ne ka yi zaman Jos cikin masu duwatsu. Wannan bawan Allah ya ce dutsen nan da rana kore ne, da dare ja. Jan dai na gani. Koren ne ban gani ba."

Dillali ya yi murmushi ya ce, "Alhaji, ai sai gari ya waye. Aleksandarait ne, daga Rasha, duka ukun."

Na ce, "Baffa, in zai yarda ya bar mana su su kwana, gobe da hantsi ma yi magana."

Ya yarda, don ya san Baffa ba mai gudu da kayan mutane ba ne. Da hantsi muka fito da su bakin ƙofa, cikin inuwa. Babban, wanda ya kai ƙwayar gurjiya, ya koma wani irin shuɗi-shuɗi mai ruwan toka, da ɗan shunayya a ciki. Ƙaramin, wanda bai fi ƙwayar dawa biyu ba, ya zama kore mai sirkin shuɗi, kamar ganyen darbejiya da ruwa ya wanke. Na ukun kuwa ya yi fayau, kamar ka leƙa ta gindin kwalba. Zobba uku, suna ɗaya, amma abu uku ne daban.

Tun daga ranar mutane da dama sun tambaye ni wannan magana, musamman masu haɗa lefe da masu dawowa daga Umra ko Dubai da zobe a yatsa da labari a baki. Shi ya sa na ga gara in jera su gefe da gefe, kowa ya san abin da yake ba da kuɗinsa a kai.

Abu na farko da ya kamata mai saye ya riƙe: dutsen ba ya canzawa, hasken da ya faɗa masa ne ke canzawa. Farin haske haɗin launuka ne, su ne muke gani a warwatse a bakan gizo. Kowane dutse yana shanye wasu launukan ya maido wa ido saura. Aleksandarait yana ɗauke da ɗan sinadarin kuromiyam, wanda ke shanye rawaya da ke tsakiya, ya bar ƙofa biyu a buɗe, ta kore da shuɗi a nan, ta ja a can. Hasken rana yana da wadatar shuɗi da kore, idon mutum kuma dama ya fi saurin kama kore, sai ka ga dutsen kore. Harshen wuta kuwa, na kyandir ne ko na fitilar ƙwai ko tsohon ƙwan lantarki mai zafi, ja ne ya fi yawa a cikinsa, sai dutsen ya rinjaya can. Wannan kuromiyam ɗin shi ne ke sa zumurrudu kore, shi ne kuma ke sa jan yakutu ja. Aleksandarait ya tsaya ne a kan iyakar biyun, abu kaɗan ke tura shi gefe guda.

A nan akwai abin da dillalai ba sa faɗa. Gidajenmu yanzu duk fararen ƙwayaye ne na sola da masu tsimin wuta, kuma haskensu ya fi kusa da na rana. Ƙarƙashinsu dutsen kan zauna da launinsa na rana ko wani abu tsaka-tsaki mara armashi. Mutum zai iya kashe maƙudan kuɗi ya shekara bai ga jan ba, sai ranar da aka ɗauke wuta aka kunna kyandir. Wanda ke sayen dutse don a gan shi yana juyewa a wurin biki, ya fara tunanin irin fitilun da ke ɗakunan biki na yau.

To, shi na gasken. An fara samunsa a shekarun 1830 a ramukan haƙar zumurrudu na tsaunukan Ural a Rasha, a yankin birnin Yekaterinburg. Aka sa masa sunan yarima mai jiran gado, wanda ya hau mulki a 1855 da sunan Sarki Alezanda na Biyu. Kore da ja su ne launukan sojan daular a lokacin, don haka manyan Rasha suka rungume shi a matsayin dutsen ƙasa. Asalinsa wani ma'adini ne da ake kira kirisoberil, kuma ƙarancinsa yana da dalili: sai sinadarin beriliyam da kuromiyam sun haɗu a wuri ɗaya, su kuwa biyun ba a cika samunsu cikin dutse iri ɗaya ba. Ramukan Rasha sun yi ƙasa tun da daɗewa. A 1987 aka ci karo da shi a Hematita, jihar Minas Gerais ta Barazil, aka yi rububi, kuma duwatsun can suna cikin mafi kyawun da ke yawo a kasuwa. Ana samunsa a Siri Lanka, inda yakan yi girma amma korensa ya yi rawaya-rawaya, jansa ya yi ruwan ƙasa. Ana samu a Indiya, da Tanzaniya, da Madagaska, da Zimbabuwe. Saboda haka duk wanda ya buɗe maka hankici a kasuwar Wunti ya ce "daga Rasha", ka ɗauka gaisuwa ce kawai.

Ta fuskar amfani ba shi da abin kushewa. A ma'aunin tauri na Mohs, wanda daimon ke kan 10, yakutu ke kan 9, shi yana kan 8.5. Wannan lamba tana da muhimmanci a wurinmu fiye da yadda ake zato. Ƙurar da iskar hunturu ke kwaso mana cike take da ɓarɓashin yashi, taurin yashi kuwa 7 ne. Duk dutsen da bai kai 7 ba, kullum ka goge shi da gefen riga kana karce shi ne a hankali, bayan 'yan shekaru ya dushe. Aleksandarait ba ruwansa da wannan, kuma ruwan alwala da sabulu ba sa yi masa komai.

Matsalarsa kuɗi ne da girma. Ana auna duwatsu da karat, karat biyar ke yin giram ɗaya. Mafi yawan aleksandarait da aka yanka ba su kai karat ɗaya ba. Mai kyau, mai juyewa sosai, da ya haura karat ɗaya, dubban daloli ake sayar da kowane karat nasa, kuma farashin na tsalle ne da ƙaruwar girma. Ka kwatanta wannan da zoben da dutsensa ya kai gurjiya, tsaf babu ko ɗigon datti, ana ce maka ka kawo kuɗin buhun shinkafa. Lissafin kaɗai ya isa amsa, ba sai an kai ga na'ura ba. Na gasken ma sau da yawa ba ya yin kore shar ko ja wur irin na hotuna. Abin da ido ke gani shi ne kore mai shuɗi-shuɗi da rana, ja mai shunayya da dare, kuma in ka sa madubin ƙara girma za ka ga 'yan zare-zare ko tabo a cikinsa. Akwai wani nau'in da ake yankawa da doro, ya fito da zaren haske kamar idon kyanwa, wannan kuwa sai manyan masu tarawa.

Yanzu ga wanda ya cika kasuwa, wanda na tabbata shi ne babban zoben Baffa. A 1902 wani Bafaranshe mai suna Verneuil ya bayyana hanyar narka garin ma'adini da wuta mai tsananin zafi, ya riƙa ɗiga yana daskarewa har ya zama yakutu. Daga baya aka gano in an zuba ɗan sinadarin banadiyam a ciki, yakutun kan riƙa juya launi. Fiye da shekara ɗari ke nan ana sayar da wannan da sunan aleksandarait. Masu yawon buɗe ido sun sha saya a Masar, saboda sunan ya yi kama da na birnin Iskandariyya, suna zaton can ake haƙo shi, alhali ba abin da ya haɗa su sai kamar suna. Don haka in wani ya ce maka zoben na kakansa ne, tsufansa shaida ne, ka sani tsufa ba ya wanke shi. Kakan ma an iya sayar masa da na masana'anta.

Gane shi ba wuya in ka taɓa ganinsa sau ɗaya. Ba ya yin kore. Da rana shuɗi ne mai toka-toka ko shunayya mai haske, da dare shunayya mai ja ko ruwan hoda mai duhu. Yawanci babba ne, garau. Da madubin ƙara girma wani lokaci akan hango layuka masu lanƙwasa a cikinsa kamar zanen faifan garmaho, ko 'yan kumfa ƙanana. Dutsen da ya girma a cikin ƙasa layukansa miƙaƙƙu ne masu kusurwa.

Amma fa ban raina shi ba, kuma a nan nake rabuwa da wasu abokaina na Jos. Yakutu ne ta fuskar sinadari, taurinsa 9, ya ma fi aleksandarait. Za ka yi shekara talatin kana alwala da shi, kana tuƙa babur, kana ɗaukar kaya, ba zai nuna ba. Yana da kyau a ido, ga girma. Laifinsa ɗaya ne, sunan da ake laƙa masa da kuɗin da ake karɓa saboda sunan. In an kira shi da sunansa, an sayar da shi a kuɗinsa, wato kuɗin azurfa da aikin maƙeri da ɗan abin da ba a rasa ba, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Tsakanin waɗannan biyun akwai na uku da mutane ke rikita shi da na biyu: aleksandarait na gaske amma wanda aka shuka a ɗakin gwaji. Tun shekarun 1970 ake yinsa. Sinadarinsa ɗaya da na ƙasa, taurinsa ɗaya, kuma yana yin kore da ja na sosai, sau da yawa ma fiye da na ƙasan. Irinsa ne ake sa wa wasu na'urorin hasken leza da likitocin fata ke cire gashi da zanen jiki da su. Wanda burinsa shi ne ya ga wannan juyin da idonsa, kore zuwa ja, a dutse mai ɗan girma, ba tare da ya sayar da fili ba, wannan ne nasa. Ya fi yakutun banadiyam tsada nesa, amma bai kama ƙafar na ƙasa ba. Haɗarinsa kuma shi ne kamarsa ta yi yawa. Wancan ido na iya kama shi, wannan kuwa ko gwani sai ya sa na'ura. Shi ne ainihin dalilin da ya sa ba a biyan kuɗin na ƙasa sai da takardar shaida. Kama da wane ba ta wane.

Sai wanda ni na fi so, ganet mai juya launi. Mun saba jin ganet ja ne, ko ruwan goro kamar wanda aka samu a yankin Iseyin ta jihar Oyo. Amma akwai wani haɗi nasa mai banadiyam da ke fitowa daga Tanzaniya da Kenya da Siri Lanka da Madagaska. A ƙarshen shekarun 1990 aka samo wani a Bekily, kudancin Madagaska, wanda ke yin shuɗi mai kore da rana ya koma shunayya mai ja da dare, har ya karya tsohuwar maganar masana cewa ganet na zuwa da kowane launi ban da shuɗi. Mai kyau a cikinsu juyinsa na iya kai na aleksandarait, wani ma ya wuce. Dutse ne na ƙasa, kuma ba a saba gasa shi ko rina shi ba kamar yadda ake yi wa wasu duwatsu, abin da ka gani haka Allah ya halicce shi. Kuɗinsa ƙasa yake da na aleksandarait sosai, ko da yake na Bekily mai kyau shi ma ba na wasa ba ne.

Inda ya gaza: yawanci ƙanana ne, taurinsa tsakanin 7 da 7.5, wato ya tsallake ƙura da ƙyar, yana so a ɗan kula da shi. Sannan ba duka ke yin kore ba. Da yawa daga ruwan ƙasa ko ruwan zuma suke tashi su koma ja-ja, wanda ba ya ɗaukar ido. Kada ka saya da jin suna, sai ka ga launukan biyu da idonka. Yana da wata alama mai daɗin gwadawa in ba a ɗaura shi a zobe ba: ɗora shi kan ɗan guntun soso mai yawo a ruwa, ka kawo maganaɗisu mai ƙarfi kusa, za ka ga ya biyo shi, saboda ƙarfe da manganis da ke jikinsa. Aleksandarait da yakutu ba sa amsa wannan kira haka.

Safaya mai juya launi ba zan daɗe a kanta ba. Yakutu ce ta ƙasa, taurinta 9, yawanci daga shuɗi da rana zuwa shunayya da dare, ana kawo ta daga Siri Lanka da Tanzaniya da Madagaska. Juyin nata mai kunya ne, maƙwabtan launuka ne biyu, wanda bai sani ba zai iya cewa bai ga komai ba. Ta dace da mai son shuɗin dutse da ɗan ƙari a kai. Ka tambaya ko an gasa ta, don gasa safaya abu ne da aka saba, kuma yana rage kuɗi. In kuwa shuɗin ne kaɗai ya ja ka, ba ka bukatar tsallaka teku, safayar tsaunin Mambila a Taraba ta yi suna har ƙasashen waje.

Masu zuwa Turkiyya sarin kaya su ne ke dawowa da na gaba. Ma'adini ne mai suna dayasfo, ana haƙo mai kyansa a tsaunukan lardin Mugla, kudu maso yammacin ƙasar, ana sayar da shi da sunayen kasuwa irin su Zultanite da Csarite. Launukansa masu sanyi ne: kore mai rawaya-rawaya da rana, ruwan hoda mai ruwan ƙasa a gaban kyandir, kuma sai ya yi girma juyin ke fitowa sosai. Taurinsa 6.5 zuwa 7, sannan yana da gaɓa a jikinsa, kamar itacen da ke tsagewa ta hanya ɗaya in gatari ya same shi daidai. Bugu ɗaya a bakin turmi ko ƙofar mota na iya raba shi biyu. A ɗan kunne ko sarƙar wuya ya yi, a zoben kullum ban ba da shawara ba. Kuma abin da ya fi yawa a shagunan 'yan yawon buɗe ido da wannan suna gilashi ne. In ka ga "Zultanite" ƙato yana yin kore shar, ya koma ruwan goro, ya koma ja, a kuɗin atamfa, gilashi ne aka zuba wa sinadari. Na gasken bai da wannan rawar kai.

Gilashin shi ne zobe na uku a hankicin dillali. Taurinsa bai wuce 5 da ɗoriya ba, damina biyu ya dushe. Ka ɗora shi a kumatu: dutse sanyi gare shi kuma yana jimawa kafin ya ɗumama, gilashi nan da nan yake ɗaukar zafin jiki. Sau da yawa akwai kumfa zagayayyu a ciki, gefunan yankansa kuma ba su da kaifi. Akwai kuma zoben nan na yara da ya yi tashe a Amurka a 1975, wanda ke juyewa daga baƙi zuwa kore zuwa shuɗi da ɗumin yatsa. Wannan ba dutse ba ne sam, wani ruwa ne mai jin zafi aka rufe da gilashi ko roba, ruwa na shiga ciki ya mutu. Mai salla biyar ba zai yi mako da shi ba.

Wani ruɗin kuma daga duwatsunmu na gida yake zuwa. Turmalin, irin wanda ake samu a Nasarawa da Oyo, in ka jujjuya shi za ka ga launinsa na sauyawa, duhu ta nan, haske ta can, wani lokaci ma launi biyu. Wannan hali ne na daban, ya danganta da ta inda ka leƙa. Na sha ganin ana jujjuya wa baƙo dutse a tafin hannu ana cewa "ka gani, yana canzawa". Gwajin gaskiya shi ne a ajiye dutsen wuri ɗaya kada a taɓa shi, a canza fitila.

Game da labaran da ke biye da dutsen, dillalin Baffa bai bar mu haka ba. Ya ce in maƙiyi ya matso dutsen na yin ja, in an sa sammu a abinci ma haka. Baffa ya dube shi ya ce, "To ashe kowane dare maƙiya ne cike da zauren nan, tunda kullum na kunna fitila sai ya yi ja." Turawa ma suna da nasu. Mutanen Rasha sun ɗauke shi dutsen sa'a, sai dai shi mai sunan, Alezanda na Biyu, bam aka jefa masa ya mutu a 1881. Ana kuma cewa dutsen waɗanda aka haifa a watan Yuni ne, amma wannan 'yan kasuwar kayan ado na Amurka ne suka ƙara shi cikin jerin a 1952. Abin lura, dutsen da ba a san shi ba kafin shekarun 1830 ba zai yiwu ya kasance cikin tsofaffin littattafan asirai ba, balle a jingina shi ga zoben wani annabi. Abin da muka sani tabbas shi ne hadisin Anas a Sahihu Muslim, cewa zoben Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, na azurfa ne kuma dutsensa na Habasha. Ado da zobe halal ne, jingina tsari ko arziki ga dutse kuwa malamanmu sun sha jan kunne a kai. Ta fuskar ciniki ma, duk dutsen da aka fara yi maka tallar asirinsa kafin a faɗi nauyinsa, kuɗin labari za ka biya.

Zancen azurfa ya kawo wani abu da maza ke mantawa. Aleksandarait mai tsada a ƙasashen waje galibi a zinare ake ɗaura shi, namiji Musulmi kuwa ba ya sa zinare. Sai an cire an kai wa maƙerin farfaru. Azurfa tana da laushi, 'yan faratan nan huɗu da ke riƙe dutse suna buɗewa da yau da gobe. Ka ce a zagaye dutsen gaba ɗaya kamar bakin rijiya, a bar ƙasansa a buɗe don wanki. In za a ƙara ko a rage zoben, a fara cire dutsen kafin a kai shi wuta, musamman ganet da dayasfo. Kuma dutse mai daraja ba a barinsa ya kwana a maƙera ba tare da an auna shi an ɗauki hotonsa ba.

Ga iyaye mata da masu lefe, magana ɗaya ce mai ɗaci. Mu nan zinare ajiya ne, ranar bukata a kai kasuwa a dawo da kuɗi. Dutse ba haka yake ba. Mai sayen zinare zai ɓamɓare duwatsun ko ya cire nauyinsu daga lissafi, ba ruwansa da Barazil ko Rasha. Ko aleksandarait ɗinki na gaske ne, a Bauchi samun wanda zai biya kuɗinsa aiki ne, sai an nemi Jos ko Legas ko waje, can ma sai da takarda. Wadda ke neman ajiya ta zuba kuɗinta a nauyin zinare, ta sa dutsen masana'anta don kwalliya. Na ƙasan na wanda ke son dutsen ne don kansa, kuma yana da rarar da ba zai waiwaya ba.

Shi kuma wannan mai rarar, kada ya yi cinikin biri a sama. Hoton Facebook ko bidiyon WhatsApp ba shaida ba ne, kyamarar waya ma ba ta iya kama koren aleksandarait daidai, kuma gyara launi a hoto aikin minti ɗaya ne. Ya nemi takardar wani sanannen ɗakin gwaji, irin GIA ta Amurka, ya shiga shafinsu ya duba lambar takardar, ya tabbatar nauyi da awon da ke rubuce sun yi daidai da dutsen da ke hannunsa. Takardar ta ce na ƙasa ne a fili. Katin da mai shago ya buga da kansa da tambarin zinare ba takarda ba ce. Kafin a kai ga nan ma, na'urar auna karyewar haske, wadda wasu manyan dillalan Jos ke da ita, tana raba aleksandarait da yakutu da ganet da gilashi cikin mintuna, don kowanne da lambarsa. Abin da ba za ta raba ba shi ne na ƙasa da na ɗakin gwaji. Daga Bauchi zuwa Jos ta Toro tafiyar awa biyu ce, kuɗin mota bai kai asarar ba. Gwajin da ban yarda da shi ba shi ne na karta dutse a jikin gilashi ko da wuƙa. Yakutun masana'anta zai ci wannan jarrabawa da maki cikakke, dutse mai laushi kuma ka ɓata wa mai shi kaya.

Da na gama yi wa Baffa wannan bayani a taƙaice, na ce, "Baffa, in ni ne, ƙaramin zan ɗauka. Ina kyautata zaton shi kaɗai ne ya fito daga ƙasa."

Ya ɗaga ƙaramin ya kai kusa da ido, ya nisanta shi, ya sake matso da shi. Ya ce, "Ɗana, wannan ai sai na sa tabarau zan san akwai dutse a jiki. Wa zai gan shi a sahun Juma'a?"

Babban ya ɗauka. Amma sai da ya sa dillali ya faɗa da bakinsa cewa na masana'anta ne, kuɗin kuma ya sauko zuwa abin da bai kai rubu'in na farko ba. Na gilashin aka mayar masa cikin hankicinsa. Ƙaramin ni na biya, na tafi da shi Jos da na tashi zuwa, aka ɗora a na'ura, ya fito ganet. Yana yatsana yanzu. Gidana kuwa duk fararen ƙwayaye ne, don haka in yara suka matsa sai sun ga hawainiya, sai mu kashe wuta mu kunna kyandir.